Ashe Kakanmu Ne Mai Ragon

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya jikin Hajara? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau, sai dai tun jiya na kasa zama wuri ɗaya.

Ka tuna labarin Sallar nan na tsohon marubucin da ya taɓa koyarwa a Faskari? Na mutumin da ya yanka ragonsa kafin liman ya yanka, layyarsa ta zama naman miya. Shekara da shekaru ina karanta wa ɗalibai, muna ta dariya. Jiya na je Yankara duba Gwaggo Asabe, na ba ta labarin, ta ce, "Kai da tulin karatunka, ubana kake yi wa dariya." Ashe Kaka ne!

Na ce, "Gwaggo, saurin me yake yi?" Ta ce ba sauri ba ne, akwai dalilin da marubucin bai sani ba, kuma ba za ta faɗa ba sai ta gan ka.

Sani, jikin nata ya yi tsanani. Ka taho kafin Sallah. In ta tafi da maganar nan, Kaka ya tabbata wawa har abada.

A saka ta a addu'a. Ka gai da yara.

Yayanka,
Lawal