Abin da Ya Sa Saƙonnin Baba Suka Gajarce

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai dai a ce da sauƙi, don haka aka saba cewa. Mama na nan, ƙafar ce dai ke taɓa ta lokaci-lokaci.

Yaya, Baba ya hana a gaya maka, amma ka san bakina ba ya ajiya, kuma wannan karon ba zan nemi afuwa ba. Tarin nan da yake yi ba mura ba ce. Likita ta nuna mana hoton huhunsa, ƙasan duk ya yi fari. Ta ce ƙurar katakon da ya shaƙa tun yana saurayi ta ji masa ciwo a ciki, sai ƙwayoyin halittar da ke gyaran rauni suka taru wuri guda suka cunkushe. A ganin masu bincike, in ji ta, matsatsin nan na ƙara zuga su, su yi ta zuba tabo kan tabo har huhun ya ƙi buɗewa. Baba, kafinta har a gadon asibiti, ya ce ya gane: ma'aikata ne suka yi yawa a kan ƙofa ɗaya, kowa na shafa gam, ƙarshenta ƙofa ta manne. Likitar ta yi dariya, ni kuwa na fita baranda na sha kukana. Ta ce magani zai iya rage wa ciwon gudu, amma inda ya riga ya taurare ba zai dawo ba.

Rannan ka yi mini ƙorafi wai Baba ya daina yi da kai, saƙonsa na murya bai wuce kalma huɗu ba. To ni ke riƙe masa wayar. Yakan cire robar iska daga hancinsa don kada ka ji hucinta, ya tara numfashi, ya ce maka lafiya lau, ya saki. Daga nan sai ya kama ƙarfen gado, leɓɓansa su yi duhu, ni ina ta murza masa baya. Wani saƙon sai mun goge mun sake saboda tari ya shiga. Jiya ya so ya kira ka da sunan nan na tsokana da ya raɗa maka, numfashi ya yanke a tsakiya, sai ya ce in bari sai gobe.

Wallahi tsoro nake ji, Yaya, kuma na gaji da taya shi ɓoyewa. Kada ka ce sai hutun ƙarshen shekara. Don girman Allah ka nemi izini a wurin aiki ka taho, ka zauna kusa da shi, inda ba sai ya ɗaga murya ba.

Ka gaida Anti da mai sunan Baba da 'yar lelenka. Mama da Gwaggo na gaishe ku. Kada ka kira shi don ka tabbatar, zai sake cire robar ne.

Taka ƙanwa,
Sarkin Surutu