Ka Zo da Angon Kabewa Kafin Hantsi

Zuwa ga Ya Amiru, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, tsamiyar da nake fakewa a inuwarta, zumar da wuta ba ta taɓa ba,

Ina gaishe ka irin gaisuwar da raɓa take yi wa ganye. Yau kwana goma sha tara ke nan da ka tafi Rano aikin rufin gidan can, kuma duk ƙusar da ka buga, a ƙirjina nake jin ta. Shin kwanon rufi ya fi ni iya hira ne? Na san za ka ce ai ga waya. Sau bakwai na ɗauke ta ina ajiyewa, domin abin da ke bakina ba zai faɗu da murya ba. Shi ya sa na ba direban motar Kibiya wannan takarda.

Ka tuna safiyar tafiyarka, farin watana? Mun tsuguna a bayan gida cikin yaɗon kabewar da ka shuka da ragowar irin da marigayi Babanka ya bari, ƙwaya tara a ƙullin tsumma, babu wani bayansu. Ka ce tun da maƙwabta suka yi feshin wake ƙudan zuma suka yi mana yaji, don haka aikinsu ya dawo hannunmu. Ka nuna mini namijin fure, mai dogon siririn wuya, da ɗan tsinke a cikinsa wanda ya sha gari rawaya kamar kurkum. Ka nuna mini macen, mai ɗan ƙulli a ƙarƙashinta kamar ƙwan zabuwa, da kai mai tsaga uku a tsakiyarta, mai danƙo. Ka ce in tsinko namijin da sassafe, in yage masa rigar nan tasa mai ruwan ƙwai, in goga garin a kan danƙon, shi ke nan. Garin zai gangara ya sami ƙullin, ƙullin ya zama kabewa. Na ce na gane. Wallahi gashin idonka nake kallo.

Da ka tafi sai na zauna na yi tunani. A duk littattafan da na karanta, kuma ka san sun cika akwati biyu, ban taɓa ganin inda aka ɗaura aure ranar da aka fara haɗuwa ba. Yaya za a finciko saurayi, a yage masa riga, a kai shi gaban yarinyar da ko sunansa ba ta sani ba? Zuciyar da ta san sonka ba za ta iya wannan rashin imani ba. Sai na raɗa wa macen farko suna Huseina, na zaɓar mata wani dogo mai kunya na kira shi Ramalan, na jawo wuyansa a hankali na ɗaure shi da zare kusa da ita, na ba su kwana uku su fahimci juna.

Kafin azahar duk sun rufe fuska. Na ce kunya ce. A rana ta uku ƙullin Huseina ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi ƙasa. Na yi kuka, na ce jininsu ne bai haɗu ba, na sake wani haɗin. Haka na yi ta yi, muradin raina, har mata goma sha ɗaya. Wata na ƙara mata kwanaki, wata na karanta mata shafi biyu don ta saki jiki. Innarka ta leƙo ta same ni, ta ce ita shekara arba'in tana tuƙa tuwon miyar taushe, ba ta taɓa jin an kai wa kabewa lefe ba. Ta ce dama ta faɗa maka mai littafi ba ta riƙe lambu, kai ne ka rantse a kaina.

A nan ne shaiɗan ya shiga. Na dubi mazan nan, sun fi hamsin, kowace safiya sabuwar riga, ko a jikinsu, alhali mata goma sha ɗaya suna kwance a ƙasa. Na ce mayaudara ne. Na bi yaɗo ɗaya bayan ɗaya na tsinke su kaf, har 'yan ƙananan da ba su buɗe ido ba, na zuba wa akuyar Inna. Ta yini da rawayan baki tana kallona.

Jiya kuma, can ƙarshen yaɗon da ya nufi gindin rumbu, na ga wata mace guda ta ɓullo, ƙullinta kore shar, rigarta a naɗe. Inna ta duba ta ce da asubar Juma'a za ta buɗe, kafin hantsi ya dubi ludayi ta rufe, kuma rufewar ke nan. Ta ce ganyen ya fara furfura, yaɗon ya tsufa, kada in sa ran wata. Ga amarya, babu ango ko ɗaya a gidan nan, da hannuna na aika su cikin akuya. Idan ta faɗi, irin Baba ya ƙare a duniya, kuma ni ce zan zama matar da ta ƙarar da shi.

Don haka ina roƙonka, ya taurarona, da hawayen da suka jiƙa gefen takardar nan: ka bar rufin nan ranar Alhamis, ka kwana a Tarai wurin Baffa Gwadabe. Kabewarsa ba ta kai tamu asali ba, amma yanzu ba lokacin binciken dangi ba ne. Ni ba zan iya zuwa ba. Da wane ido zan dubi ƙanin mahaifinka in ce ango nake nema? Da an sallame sallar asuba ka tsinko namiji wanda ya buɗe a safiyar. Ka tsinko uku, ko ɗaya zai ba da kunya. Ka sa su a kwano mai murfi. Kada ka cusa su a aljihu, kada ka bar iskar mashin ta kwashe garin, kuma kada ka gaya wa Baffa dalili.

Za ka same ni a gindin rumbu da tsohon faifai ina yi wa amaryar inuwa, na ɗaure akuyar da igiya biyu. Ba zan tambaye su ko suna son juna ba. Ni zan yage rigar da kaina, kai dai ka riƙe mini hannu. In ka ga dama ka yi mini faɗa bayan nan, zan saurara har la'asar.

Taka ce ni a rani da damina, taka in kabewar ta kama, taka in ta faɗi, sai dai na fi son in zama taka mai kabewa.

Matarka da ba ta da wani sai kai,
Hidaya
Fammar, ranar Talata