Zanen da Ka Bari a Zaure

Gaisuwa da fatan alheri zuwa ga wana Mahaman, a duk inda Nasara suka kai ka. Ni ce Rabi. Ni ke faɗi, Malam ke rubutawa, kuma ban san wanda zai kai maka ba.

Yaya, tsoro nake ji. Tun da suka tafi da kai jagora, ko jaki ya yi kuka sai gabana ya faɗi.

Ka tuna ranar da suka sauka garinmu da bindigogi, kowa ya shige ɗaka, kai kaɗai ka fito da ƙwaryar ruwa? Dama kai ko kura ta yi sallama sai ka shimfiɗa mata tabarma.

Ina leƙe ta kafar zana lokacin da ƙaramin cikinsu ya durƙusa a zaurenmu yana zane a ƙasa da yatsa. Tafintansu ya ce ƙauyensu ne can Faransa. Ga kogi da ba ya ƙafewa ko da rani, ga gadar dutse, ga tudu mai gonakin inabi, ga gidan uwarsa kusa da inda ruwa ke juya dutsen niƙa. Da yaron ya zo kan gidan, sai ya tsai da yatsansa a wurin. Ni ma na ji tausayinsa.

Sai ka tuna maganar Baba: "Wanda ya gwada maka gidansa, in ka ɓoye naka, kai ne ɓarawo." Ka durƙusa kai ma. Ka zana jigawar arewa, da gawon bakin kasuwa, da hanyar Ɗan Gulbi. Sannan ka dangwala yatsa a kwarin bayan aduwa.

Rijiyar ɓoye, Yaya! Wadda Baba ya haƙa ya rufe bakinta da itace da ƙasa, inda muke gudu da yara da dabbobi in mahara sun zo. Ko surukanmu na wasu garuruwa ba su san ta ba. Kai zumunci ka yi, amma na ga babbansu ya daina cin goribarsa ya matso. Da gari ya waye suka sa ka gaba.

Da suka tafi na kifa akushi a kan zanen, don iska da awaki. Shi kaɗai ne abin da hannunka ya bar mini. Kullum da safe nakan ɗaga in duba shatin yatsanka.

Jiya wasu Buzaye masu raƙuma suka ce akwai wata rundunar Nasara tafe a baya, ta fi ta farko yawa, kuma duk rijiyar da suka sauka a kanta sai ta ƙafe. Mata sun fara ɗaure kaya za mu kwari. Duk wanda ya shiga zaurenmu ya ɗaga akushin, ya ga inda muke.

Yau da safe na ɗaga shi. Na bar wa yaron can koginsa da gidan uwarsa. Naka na shafe da tafin hannuna, ina kuka.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Kai ka san hanya ba sai da zane ba. Allah ya rufe bakinka a gabansu, ya ɓatar musu da kwarin, ya maido ka da ƙafarka. In ka zo ka tarar da gari ba kowa, ka san inda muke.

Ƙanwarka,
Rabi