Hular Jariri a Gidan Makoki

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin mazauna layukan Nasarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da iyali da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Sunana Rakiya, ina zaune a Giginyu. Sana'ata saƙar kayan jarirai da kwarashi: huluna, safa, rigunan sanyi da shawul. Shagona a cikin wayata yake. A shafina na rubuta cewa ni ce shugabar kamfani, kuma ban yi ƙarya ba, sai dai ni ce mai ɗaukar hoto, ni ce mai shara, sito kuwa ƙarƙashin gadona ne. Yawancin masu sayen kayana matan unguwarku ne. Kukana ɗaya ne: gidajenku babu lamba, kuma rashinta na neman kashe min sana'a.

Na farko. Kowane gida doguwar katanga, baƙin get, bishiyar mangwaro. Inda aka taɓa rubuta lamba, mai fenti ya shafe. An kuma gargaɗi masu gadi kada su faɗi gidan wane ne, ko da gobara ka zo kashewa. Ga shi matanmu ba sa sayen kayan jariri sai an sauka lafiya, don haka kullum a guje nake tsakanin haihuwa da suna.

Na biyu. Kwanakin baya wata Hajiya ta sa in saƙa wa jikarta cikakken saiti, fari da ruwan ƙwai, a kai da safiyar suna. Kwatancen da ta ba ni shi ne, in an shiga layin, gidan da aka kafa rumfa da kujeru. Haka na faɗa wa Malam Sabo, dattijon da ke kai min kaya a babur. Don iyayi har na ja masa kunne kada ya dami manyan mutane da kiran waya. Na ɗaure kwalin da kirtani mai walƙiya, na maƙala katin shagona mai cewa Allah ya raya. Sunan mai kayan ne kaɗai ban rubuta ba, wai kada in ɓata kyan kwali.

Malam Sabo ya shiga layi, ya ga rumfa, ya ga maza cikin manyan riguna sun ɗaga hannu ana addu'a. Ya shafa tare da su, ya miƙa wa maigadi kwali, ya juyo. Ashe zaman makokin wani Alhaji ake yi. Rumfar sunan tana can bayan kwana. Ni kuwa shugabar kamfani har na sa a shafina cewa kaya sun isa lafiya, ina amsa yabo, sai ga kiran Hajiya tana tambayar ina kayanta.

Na uku. Na zura hijabi na tafi karɓo kayan da kaina. A cikin adaidaita na haddace jawabin ban haƙuri tsaf. Na shiga a sahun masu ta'aziyya, na tarar da matar mamacin zaune a tabarma, hular da na saƙa tana kan cinyarta, tana shafa ta tana ba matan da ke wurin labari. 'Yarsu ta fari ta haihu a Kaduna ana gab da rasuwar. Shi kuwa marigayin, saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunan 'yar tasu ba tunda aka haife ta. Da aka yi masa albishir ma, madalla kawai ya ce, ya ci gaba da sauraron rediyonsa, abin ya tsaya wa matar tasa a rai. Yanzu ga kwali ya zo da katin Allah ya raya. Ta ce ashe a ɓoye ya sa aka saƙa wa jikarsa, ashe abin yana cikin zuciyarsa. Tana faɗa tana hawaye tana murmushi, har ta sa aka yi wa hannun mai saƙar addu'a.

Ranku ya daɗe, ni ma amin na ce. Jawabin nan nawa ko kalma ɗaya bai fito ba. Na ce Allah ya jiƙansa, na sha ruwa, na nemi takalmina.

Na huɗu. Na sake saƙa wani saitin, amma kafin in gama an watse da suna, an mayar da kujeru. Ce wa Hajiya mai kayan na yi sun ɓace a hanya, don na san in na faɗi gidan, a ranar za ta tura a karɓo. Hajiya ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta sa hoton shafina a guruf ɗin matan unguwa, ta ce a kiyayi mai saƙar nan, ba ta da alƙawari. Tun daga nan wayata ta yi tsit. Har kashe ta nake in kunna, ko lalacewa ta yi. Lafiyarta ƙalau. Ulu ya cika ɗaki, ni da kwarashi muna kallon juna. Abin yana min ciwo, domin da sana'ar nan nake rufa wa kaina asiri, kuma in na ci gaba da shiru, shagon ya tafi ke nan.

Ga roƙona. Ku sa kowane gida ya rubuta lambarsa a jikin get, babba, yadda mai babur zai gani. Ku bar masu gadi su iya cewa e ko a'a in an tambaye su gida. Ni ma daga yau, ko kwalin zai yi muni, sai na rubuta suna.

Hajiya mai kayan, in wannan ta iso gare ki, ki yafe min, ga inda kayanki suka shiga. In kin ga dama ki wanke ni a wurin matan. Amma don girman Allah kada ki tura a karɓo.

Ku kuma da kuka gane gidan, na san kuna nan. Baiwar Allah nan tana takaba, ba ta karanta abin da ake yaɗawa a waya, sai in wani ya kai mata. Ku riƙe bakinku. Ita dai ta san mijinta ne ya saya, ku bar ta a haka.

Allah ya taya ku riƙon jama'a, ya tsare gidajenku, ya raya jariran biyu. Allah ya jiƙan Alhajin da bai taɓa sayen komai a wurina ba, ya ba shi ladan hular nan.

Wassalam.

Taku,
Rakiya mai saƙa, Giginyu.