Bayan Motar Kabiru Ya Zauna

Daren Laraba, unguwar Abbasiya, ƙasar Masar

Tun da aka miƙo mini jikana, takwarana, bakina bai rufu ba don murna. Amma tirelar nan ta hana ni sakewa.

Ɗana Kabiru ne ya aro ta wurin maƙwabcinsa, 'yar ƙarama mai gado a ciki, wai gobe za mu kwana bakin ruwa a Fayyum har da jaririn. Ya nuna mini nauyin da aka rubuta a jikinta, ya ce motarsa za ta ja. Na karanta da kaina a hankali, yadda aka koya mana a ajin yamma. To, nauyinta ne da kaya ko ba kaya? Bai faɗa ba.

Da la'asar aka ɗaura tirelar a bayan motar, aka loda mata tukunyar gas, buhun shinkafa da jarkokin ruwa. Bayan motar ya zauna, har ƙarfe na neman taɓa taya.

Na ce, "Kabiru, wannan fa?"

Ya ce, "Tamam, lafiya lau, Baba, haka take," yana kallon wayarsa. Yaron nan in ya kau da ido, akwai magana.

Makullin motar yana aljihuna. Takwarana ba zai shiga motar nan ba sai na ga bayanta ya miƙe.