Sensar da Ba a Sa Mata Suna Ba

Lafiya, Litinin

Ƙawata Ngumimi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya garin Obi? Tunda makarantarku ta hana waya, na ba Malam Wakili direba wannan takarda.

Yayanki Terfa yana nan a garejin Babanmu yana fama da ɗan akwatin nan da yake haɗawa, mai allo kamar na kalkuleta. Wai za a jona tiyo a maƙogwaron inji, lamba ta fito, a saita kafireto da ita maimakon a kasa kunne ana canka. Baba ya ce ran Asabar za a gwada a keken Wakili mai ƙafa uku. In bai yi ba, Terfa ya bar wasa da wayoyi ya koma wankin ƙarafa.

Saura sensa, abin da zai ji ƙarfin iskar. A kanta ya je shagon kayan mota na su Vera sau huɗu. Na ƙirga, don ta tagar kicin ana hango titin. Ni nakan kai wa Baba abinci kullum, iyakata da Terfa "sannu da aiki". Ita kuwa har dariya suke, tana kiransa Injiniya.

Jiya ya dawo da wata ƙatuwa mai ruwan zinare. Na ji yana ce wa Baba Vera ta ce tana auna har goma, ta fi kowacce. Ngumimi, ta baƙin mai ce. Turi take ji. Inji kuwa zuƙar iska yake, tun ina ƙarama Baba ya ɗora tafin hannuna a bakin kafireto na ji yana tsotsa. Allon ba zai motsa daga sifili ba. Baba ya gane, ya yi shiru don yana so ya koya da kansa.

Ni ma na yi shiru, amma nawa shirun ba mai kyau ba ne. So nake ya ga Verarsa ba ta san komai ba.

Ki yaga takardar nan.

Taki har kullum,
Mutmainna

*

Obi, Laraba

Mutmainna,

Ina gaisuwa, ki gaida Mama da Baba.

Ban yaga ba, na karanta sau uku ina dariya. Wato ke littattafan soyayyan nan sun gama da kanki. Vera kasuwa take yi, ko akuya ya shigo shago za ta kira shi Injiniya.

Amma ki ji. Broda Terfa wata biyar yana kan akwatin nan. In ya faɗi ran Asabar, shi zai ji kunya gaban mutane, Vera tana shago tana shan fanka. Abeg ki buɗe baki. Baki ne, ba ya cizo.

Ni ce,
Ngumimi

*

Lafiya, Lahadi

Ƙawata,

Bayan gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya. Ni dai ban sani ba.

Na yi niyyar faɗa masa. Sai na tuna in na faɗa, shagon su Vera zai koma canji, zuwa na biyar ke nan. Sai na zaga bayan gareji wurin tsohuwar motar nan da kaji ke kwana a ciki. A irinta akwai 'yar baƙar sensa a saman inji mai jin zuƙa, awonta bai wuce ɗaya ba, daidai abin da yake buƙata. Na tambayi Baba ko zan ɗauka. Ya dube ni ya daɗe, ya miƙo min sukundireba. Na fasa farce biyu.

Na goge ta, na naɗe a farin hankici, na sa a akwatin kayan aikinsa da 'yar takarda: "Wannan zuƙa take ji, gwada ta." Ban sa suna ba. A littafi ba a sa suna, shi yake ganewa da zuciyarsa.

Ta yi aiki. Wakili ya tada keke, lamba ta fito tana rawa, Terfa ya murɗa sukurun a hankali har ta tsaya cak, injin ya koma wani sanyin ƙara. Baba ya ce, "To, Injiniya." Ina bayan ƙofa da kular abinci ina leƙe.

Sai Terfa ya wanke hannu, ya ninke hankicina ya sa a aljihun gaba, ya ce wa Baba zai je ya yi wa Vera godiya, ashe ta gane kuskurenta ta aiko da wata. Baba ya waiwayo ya dubi ƙofar da nake. Ban fito ba.

Ya daɗe a shagon. Ban san me ta ce masa ba, amma bai dawo da fuskar wanda aka ce wa "ba ni ba ce".

Kar ki yi dariya.

Taki,
Mutmainna

*

Obi, Talata

Mutmainna,

Gaisuwa. Ban yi dariya ba, sai kaɗan.

Takarda biyu na ba Malam Wakili yau. Ɗaya taki. Ɗayan kin san na wane ne, na Injiniya, kuma ni ina sa suna.

Gobe in za ki kai abinci, kar ki ɓoye hannun da farcen ya fashe.

Sai mun zo hutu,
Ngumimi