Muhawarar da Aka Yi Ba Ni a Wurin

Litinin, 7 ga Nuwamba 2022, Lyon

Ni, Sabi'u Mika'il, haifaffen Damagaram, mai digiri na biyu a kimiyyar siyasa da sakamako mai daraja, na buɗe wannan kundi da manufa guda: adana hujjojina kan muhawarar da ƙungiyarmu ta ɗaliban Nijar a Lyon za ta gudanar ranar Asabar, 19 ga wata, a zauren da muke haya a unguwar La Guillotière. Mas'alar ita ce: shin ya halatta Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da ke ƙarƙashin mulkin Faransawa, ta sake kaɗa ƙuri'a kan rabuwa da Faransa? Matsayina: a'a. Mahalarta za su ɗaga hannu, wanda ya yi rinjaye shi zai wakilce mu a taron masu bincike na Paris a watan Janairu, inda malaman da ke ɗaukar ɗaliban dakta ke zama a sahun gaba. Gurbin nan nawa ne.

Laraba, 9 ga Nuwamba

An gabatar mini da abokiyar hamayya. Sofia, 'yar al'ummar Kanak, asalin mutanen tsibirin, shari'a take karantawa. Fatou, sakatariyarmu, ita ta kawo ta. Hujjarta kaf: wai ƙuri'a ta uku, ta watan Disambar bara, an yi ta suna cikin zaman makokin waɗanda korona ta kashe, shugabanninsu sun nemi a ɗaga, aka ƙi, suka ƙaurace. Na amsa mata da mantiƙi tsantsa. Yarjejeniyarsu da Faransa ta ce sau uku, an yi sau uku. Wanda ya ƙi zuwa rumfar zaɓe ya sarayar da haƙƙinsa. Jimami ba sashe ba ne na kundin tsarin mulki. Chaibou, shugaban ƙungiya, ya buga tebur: "Bravo, Docteur!" Haka yake kirana, ko da yake da saura kafin in zama dakta.

Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Ka taɓa zaman makoki?" Tambayar da ba ta da alaƙa da ilimi.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Fatou ta ce na yi kaushi. Hujja aka nema a wurina, ba lallashi ba.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Kawu Dodo ya rasu da safe a asibiti. Ina cikin jirgin ƙasa zuwa Paris.

Talata, 15 ga Nuwamba, Stains, gefen Paris

Kawu ne ya tarye ni a Porte de la Chapelle, a Paris, ranar da na iso ƙasar nan da akwati ɗaya, ya shimfiɗa mini katifa a falon nan da nake zaune yanzu. Gadin kanti ya yi har ƙafafunsa suka kumbura, bai taɓa fahimtar abin da nake karantawa ba, amma duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa hoton digirina. 'Ya'yansa mata ne. Ni ne namijin gidan. Ni ke kan tabarma, ni ke amsa "ya haƙuri", ni ke bin takardun mai da gawa gida.

Addu'ar bakwai ta faɗo ranar Asabar. Na gwada yi wa Tanti Mariama, matarsa, bayanin cewa zan iya zuwa Lyon da safe in dawo da yamma. Ko kai ba ta ɗaga ba. "In mutane sun zo, Sabi'u, wa za su tarar? Ni da ke takaba?"

Ban sake ta da zancen ba.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Na kira Chaibou. Gaisuwar ta'aziyyarsa ba ta kai tsawon numfashi biyu ba. Na roƙe shi, ni, na roƙe shi, a ɗaga muhawarar da mako guda. "Docteur, an kama zaure, an raba sanarwa. La date c'est la date, rana in an sa an sa. Kai da bakinka ka koya mana wanda bai zo ba ya sarayar."

Jahilci ne murakkabi! Ƙiyasi baɗili! Mutumin da ya maimaita shekarar farko ta jami'a zai ɗauko kalamina ya soke ni da shi. Na ce masa gawar kawuna ko jirgi ba ta shiga ba. Ya ce yana cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ya ji sosai.

Asabar, 19 ga Nuwamba

An yi addu'a. Gida ya cika har matakala, mutanen Maraɗi, na Tawa, har abokan aikinsa Larabawa.

Can Lyon ma an yi muhawarar. Fatou ta turo hoto: kujerata ba kowa, sunana a jikin kwali. Wai Chaibou ya kira ni da lasifika, ya sa hannu a kunne, zaure ya fashe da dariya. Hannuwa duka suka tashi wa Sofia. Wannan ba rinjaye ba ne, fashi ne da aka sa wa rigar ƙa'ida.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Ta zo. Sofia, tun daga Lyon, Fatou na biye da ita. Na ɗauka izgili ta kawo. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, sai da ta ajiye wani yadi a ninke a gabana, kan tabarma, ta yi 'yar magana kanta a sunkuye. A wurinsu, in ji ta, ba a shiga gidan mutuwa sai an miƙa yadi an nemi izini, an ambaci wanda ya tafi. Ta ambaci sunan Kawu daidai, ba ta karya shi ba.

Ta ce ita ma ta nemi Chaibou ya ɗaga, ya ƙi. "Ban ji daɗin kayar da kujera ba." Ta ce kakarta na cikin waɗanda suka rasu bara, kuma ranar ƙuri'ar nan gidansu kamar wannan yake.

Tanti ta riƙe hannunta, ta tambayi Fatou, "'Yar wace ƙasa ce mai tarbiyya haka?" Fatou ta dube ni. Tambayar ta fi ƙarfin falo.

Talata, 22 ga Nuwamba, Lyon

Na aika wa Chaibou wasiƙa, ga jigonta: "Ƙuri'ar da aka kaɗa alhali ɓangare guda na zaman makoki, bayan ya nemi ɗagawa a kan lokaci an hana shi, ba ta da halacci, ko da ta cika dukkan sharuɗɗan takarda. Ina buƙatar a soke sakamakon, a sake."

Fatou ta karanta ta ce, "Docteur, ai wannan jawabin Sofia ne, har waƙafi." Kamanceceniya ce ta lafazi kawai. Mas'alolin biyu sun bambanta ta fuskoki da dama, waɗanda zan fayyace in na huta.

Na share jimlar nan ta jimami da tsarin mulki daga takardata. Sakin layin ya yi tsawo, shi ke nan dalili. Yadin yana cikin akwatina. Tanti ce ta saka, ban cire ba.

Ina jiran amsar Chaibou a rubuce, da sa hannunsa, kafin Laraba, 30 ga Nuwamba.